Farantin wutar da Indiyawa ke juyawa a gaban abin bautarsu: me suke nufi da shi?

Maman Ilham
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka zauna a Indiya ko suka yi karatu a kan addinansu. Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya san wurin nan da mace za ta ɗauko faranti da 'yar fitila tana ci a kai, ta riƙa juya shi a gaban gunki ana kaɗa ƙararrawa, daga baya kowa ya miƙa hannu kan wutar ya shafa a fuska. Wani lokacin ma ba gunki ba ne, ɗanta ne ya dawo daga tafiya, ta tsayar da shi a bakin ƙofa ta yi masa. Yarana sun tambaye ni ko wuta suke bauta wa, ni kuma ba na son in ba su amsa da ka. Mene ne abin, kuma me suke nufi da shi?

Ɗan Maraɗi
Wa alaikumus salam Hajiya. Ai a fili yake, bautar wuta ce irin ta Majusawa. Ki ce musu shirka ce, shi ke nan.

Ɗalibin Pune
Yaya, da ɗan gyara. Sunan abin arati, kuma Majusawan da kake nufi wasu mutane ne daban. Su ne waɗanda ake kira Parsi, kakanninsu sun baro Iran suka sauka a Gujarat, yau yawancinsu suna Mumbai, suna da gidajen ibada da ake ajiye wuta ba a barin ta mutu. Addininsu daban, littafinsu daban.

'Yan Hindu kuwa, a lokacin arati ba wutar ake fuskanta ba. Ki lura Hajiya in kin sake gani: mai ibadar yana riƙe da fitilar a dama, ƙararrawa a hagu, idonsa na kan abin bautar. Wutar kyauta ce yake miƙawa, bayan ya riga ya miƙa fure da turare da abinci.

Tushen abin shi ne suna ɗaukar abin bautar a matsayin babban baƙo ko sarki da ya sauka a wurinsu. Cikakkiyar puja, wato ibadar tasu, hidimomi 16 ne a lissafin da ya fi yaɗuwa. A gayyato shi, a ba shi wurin zama, a kawo ruwan wanke ƙafa da na hannu da na kurkure baki, a yi masa wanka, a sa masa tufa, a shafa masa turaren sandal, a ba shi fure, a kunna turare, a kunna fitila, a ajiye abinci, haka har zuwa sallama. Arati yana zuwa ne wajen ƙarshe, lokacin da jama'a suka taru ana waƙa. A manyan wuraren bauta ana yin sa sau da yawa a yini. Akwai na kafin asuba, wanda suke ɗauka tashin abin bautar ne daga barci, akwai na faɗuwar rana wanda ya fi tara mutane, akwai na dare kafin a rufe ƙofa.

Fitilar kanta acibalbal ce irin ta kakanninmu: ɗan kasko na ƙasa ko na tagulla, lagwanin auduga, da narkakken man shanu. Lagwanin yakan zama ɗaya ko biyar ko bakwai. Wani lokaci kuma kafur ake kunnawa.

Maman Ilham
Na gode ƙanina. To juyawar fa? Da wannan shafawar da suke yi a fuska?

Ɗalibin Pune
Juyawar tana da dalilin da ido ma zai gane. A tsohon ginin wurin bautarsu, ɗakin da ake ajiye gunkin yana can ciki, ƙarami ne, ba taga, duhu ne ƙirin ko da rana tsaka. Jama'a ba sa shiga, daga waje suke tsayawa. Kafin zuwan lantarki ba ka ganin komai sai limamin wurin, wanda suke kira pujari, ya ɗaga fitila. Yakan fara daga ƙafa, ya hau tsakiyar jiki, ya zo fuska, sannan ya kewaye dukkan siffar, yana bin yadda hannun agogo ke tafiya. Wannan ganin shi ne ya kawo su. Suna kiransa darshan, kuma a wurinsu ba kai kaɗai ke gani ba, shi ma abin bautar yana ganinka. Mutum yakan yi tafiyar kwana da kwanaki a jirgin ƙasa, ya yi sa'o'i a layi, don ganin da bai wuce na ƙiftawar ido ba.

Bayan an gama sai a fito da farantin cikin jama'a. Kowa ya kifa tafin hannunsa biyu a saman harshen wutar, ya kai idanunsa da kansa. A fahimtarsu wutar ta je gaban abin bautar ta ɗauko albarka, yanzu ta dawo musu da ita. Wasu kan ajiye 'yan kuɗi a farantin.

Ɗan Maraɗi
Amma ni na ji suna da allan wuta. Ko ƙarya ne?

Malam Na-Zariya
Ba ƙarya ba ne. Agni sunansa, kuma waƙar farko ta Rigveda, mafi tsufan littattafansu, shi take yabo. A can ana kiransa limami kuma ɗan aike, wanda ke ɗaukar abin da aka zuba a wuta ya kai wa sauran alloli. Har yau suna da ibadar da ake haƙa ɗan rami ko a ajiye kasko mai kusurwa huɗu, a hura wuta, a riƙa zuba man shanu da hatsi ana karatu. Ita ake kira havan ko homa, kuma a gaban irin wannan wutar ake ɗaura aurensu. Saboda haka wuta tana da daraja a addinin, wannan ba musu. Sai dai arati wata ibada ce daban da ta bunƙasa tare da wuraren bauta masu gumaka, bayan zamanin Veda.

Bari in ƙara a kan abin da ɗalibinmu ya faɗa, domin Hajiya ma'ana ta tambaya, kuma masu iliminsu ba su tsaya a kan haska gunki ba.

Na farko kafur. Idan ka kunna ɗan gutsuren kafur zai ci gaba ɗaya, ba toka, ba gawayi, sai ƙamshi ya rage. Malamansu suna cewa haka ake son mai ibada ya zama: girman kansa da son ransa su ƙone a gaban Ubangijinsa har kada a ga saura. A fitilar mai kuma sukan ce man shi ne sha'awoyin da suka taru a zuciya, lagwanin shi ne "ni" ɗin da mutum ke ji da shi, wutar kuma ilimi ce da ke cinye su biyun a hankali. A littafinsu Bhagavad Gita, babi na 10 baiti na 11, abin bautarsu Krishna yana cewa yana kawar da duhun da jahilci ya haifa da fitilar ilimi mai haske. A babi na 6 baiti na 19 kuma an kwatanta zuciyar wanda ya natsu da fitilar da ke wurin da babu iska, ba ta rawa.

Na biyu, kuma shi ne ya fi ɗaukar hankalina tun da na fara koyar da wannan darasi. Akwai wani baiti da ake yawan karantawa daidai lokacin da ake juya wutar, yana cikin tsohon littafinsu Katha Upanishad, ya kuma maimaitu a littattafan Mundaka da Shvetashvatara. Ma'anarsa: a can rana ba ta haskawa, wata da taurari ba sa haskawa, walƙiya ba ta haskawa, balle wannan wutar, shi ne yake haskawa komai ya bi bayansa, da haskensa ne duk wannan ke haskawa. Ku duba. Mutum yana riƙe da fitila yana haska abin bautarsa, bakinsa kuma yana cewa fitilar ba ta isa ta haska shi ba, ita ma daga gare shi ta samo nata hasken. Ke nan a wurin mai ilimin cikinsu arati iƙirari ne cewa ba ka da abin da za ka bayar sai abin da aka ba ka.

Akwai kuma masu fassara kayan da ake miƙawa da asalai biyar da suke cewa an gina duniya da su: fure a madadin ƙasa, ruwan da ake zubawa a ƙaton kwanson teku a madadin ruwa, fitila wuta, mafici iska, ƙarar ƙararrawa da busar kwanson kuma sarari. Wato duniyar gaba ɗaya ake mayar wa mai ita. Wannan fassarar takan ɗan bambanta daga ɗariƙa zuwa ɗariƙa.

Baffan Yara
Allah ya gafarta Malam, ni fa hankalina bai kwanta ba. Ana ta ƙawata abin nan kamar wani abin kirki. Akwai yara a zauren nan. Gunki dai gunki ne, dutse ne da aka sassaƙa da hannu. Duk wannan falsafar ba ta canza komai.

Malam Na-Zariya
Baffa, a kan hukunci ba mu da saɓani. Miƙa ibada ga wanin Allah shirka ce, ko da wace irin fassara aka yi mata. Alƙur'ani ma ya kawo hujjar masu cewa ba ma bauta musu sai don su kusantar da mu ga Allah, a Suratuz Zumar aya ta 3, ya kuma rushe ta. Musulmi ba ya yin arati, ba ya shafa wutar don neman albarka.

Amma Hajiya ba hukunci ta nema ba, ta san shi. Ta tambayi abin da su suke nufi, kuma adalci ne a faɗe shi yadda yake. Idan ta ce wa yaranta wuta suke bauta wa, gobe ɗaya daga cikinsu ya je karatu Bangalore ya faɗa wa abokin ajinsa haka, za a ce masa ba haka ba ne, kuma gaskiya za a faɗa masa. Daga nan sai ya fara shakkar sauran abin da aka koya masa a gida. Muna da magabaci a wannan aikin. Abu Raihan al-Biruni ya koyi Sanskrit, ya zauna da malamansu, ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030. Ya ce aikinsa shi ne ya kawo maganarsu yadda take, kuma shi ne ya rubuta cewa masu iliminsu suna magana a kan Ubangiji ɗaya marar farko marar ƙarshe, gumaka kuwa sun fi ƙarfi a wurin gama-garin mutane. Imaninsa bai ragu ba don ya rubuta haka. Sannan ga aya ta 108 a Suratul An'am da ta hana mu zagin abin da suke kira, don kada su zagi Allah cikin jahilci.

Baffan Yara
Na ji, Malam. Amma a riƙa haɗawa da hukuncin kamar yadda ka yi yanzu.

Ummu Sadik
Malam, baitin nan da ka kawo ya tuna min da Ayatun Nur. Can ma akwai fitila da mai da haske a kan haske. Ko akwai alaƙa?

Malam Na-Zariya
Malama, a yi hattara a nan. Aya ta 35 a Suratun Nur misali ce Allah ya buga, ayar da kanta ta faɗi haka, kuma ba a ce mu kunna fitila mu miƙa wa kowa ba. Cewa mutane a ko'ina suna kwatanta shiriya da haske, ɓata da duhu, wannan abu ne da duk ɗan Adam ke gani da idonsa. Su ma suna da tsohuwar addu'a a Brihadaranyaka Upanishad mai cewa a fitar da ni daga duhu zuwa haske. Kamanceceniyar lafazi ce. Inda aka rabu shi ne wa ake nufa da ibadar, kuma ta wace hanya, kuma wannan rabuwar ba ƙarama ba ce.

Anti Nas
Ni bari in amsa ɗaya ɓangaren tambayar Hajiya, na yi wa mutum a bakin ƙofa. Na yi jinyar mahaifiyata a Chennai, gidan da muka kama haya na 'yan Hindu ne. Ranar da aka sallamo surukarsu daga asibiti da jariri, ba a bar ta ta shiga ba sai da tsofaffin matan gidan suka fito da faranti. Wannan ba fitila ba ce a ciki, jan ruwa ne. Kurkum suke damawa da farar ƙasa irin wadda suke ci da ganyen taunawarsu, sai ruwan ya koma ja. Suka juya shi a gabanta da jaririn, suka ɗiga mata a goshi, aka kai ruwan waje aka zubar. Na tambayi matar gidan, ta ce maganin kambun baka ne, kada idon mutane ya kama su. Haka suke yi wa amarya da ango in za su shiga gida, da wanda ya dawo daga doguwar tafiya ko ya tashi daga ciwo.

Ɗalibin Pune
Haka ne Anti. A arewa kuma fitila ce aka fi sawa. A bikin Raksha Bandhan da na Bhai Duj mace takan yi wa ɗan'uwanta, tana roƙa masa tsawon rai. A nan abubuwa biyu ne suka haɗu, girmamawa da neman tsari. Uwar da ke yi wa ɗanta ba ta ɗauke shi abin bauta ba, ko da yake wasu za su ce maka akwai ɓangaren Ubangiji a cikin kowane rai, shi ake girmamawa.

Hajiyar Nima
Ku da kuke ta zancen Indiya, mu a nan Akra muna da su, kuma ba Indiyawa ba, baƙaƙen fata 'yan Ghana. Akwai wurin bautarsu a Odorkor, Hindu Monastery of Africa, wanda Swami Ghanananda ya jagoranta daga 1975 har rasuwarsa a 2016, shi ma ɗan ƙasar nan ne. Suna yin wannan juya fitilar da waƙoƙinsu. Don haka ba abin fim kawai ba ne, wani a zango yana iya samun maƙwabci ko abokin aiki mai yi.

Ɗan Maraɗi
To su duk cikinsu ba wanda ya taɓa cewa wannan abin bai dace ba?

Ɗalibin Pune
Akwai, kuma da ƙarfi. Dayananda Saraswati, wanda ya kafa Arya Samaj a Bombay a 1875, ya yaƙi bautar gumaka har ƙarshen rayuwarsa. Shi da kansa ya ba da labarin cewa yana yaro ya kwana a wurin bautar Shiva a daren bikinsa, ya ga ɓera yana hawa kan gunkin yana cin abincin da aka ajiye, daga nan zuciyarsa ta juya. Mabiyansa har yau suna yin havan amma ba sa ajiye gunki.

Wanda ya fi burge ni shi ne Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh, an haife shi a 1469. A ruwayar Sikhawa ya je babban wurin bautar Jagannath a Puri, ya tarar ana arati da yamma, bai shiga ba. Da aka tambaye shi sai ya amsa da waƙa, cewa sama ita ce farantin, rana da wata su ne fitilun, taurari lu'ulu'u ne, iska ita ce mai fifita, dazuzzuka su ne furannin. Wato halitta duka tana cikin wannan hidimar dare da rana ga wanda ba shi da siffa, me ɗan farantinku zai ƙara? Baitocin suna cikin littafinsu mai tsarki, suna karanta su kowane dare.

Ummu Sadik
Wanda nake gani a bidiyo a bakin kogi fa, samari sanye da kaya iri ɗaya suna ɗaga manyan fitilu masu hawa-hawa?

Ɗalibin Pune
Wannan Ganga arati ne, kogin ake yi wa, domin suna ɗaukar Ganga uwa ce kuma abin bauta. Mafi shahara shi ne na matakalar Dashashwamedh da ke bakin kogin a birnin Baranasi, kowace yamma, sai na Har ki Pauri a Haridwar da na Rishikesh. Mutane kan sayi ɗan kwano na ganye da fure da ƙaramar fitila su saki a ruwa. Amma wannan tsarin na Baranasi mai dandamali da lasifika da motsi iri ɗaya ba tsoho ba ne, a shekarun 1990 ya kankama. Ni da na je na ga masu ɗaukar hoto daga cikin kwale-kwale sun kusa yawan masu ibada. Abokina ɗan Hindu ma cewa ya yi wanda kakarsa ke yi a lungun ɗaki da magariba, da lagwani ɗaya, ya fi wannan kama da ibada a wurinsa.

Anti Nas
A nan ban yarda da kai ba, ƙanina. Ko ana ɗaukar hoto, tsohuwar da ta taho daga ƙauye da 'yan kuɗin da ta daɗe tana tarawa ba kallo ta zo yi ba. Na ga irinsu a wuraren bautar Chennai suna kuka da hawaye. Bai kamata mu da muke waje mu yanke musu wanne ne na gaske ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kogin da ake yi wa wannan hidimar shi ne kuma ake zuba wa dattin birane da na masana'antu, har gwamnatinsu ta ƙaddamar da shirin Namami Gange a 2014 don tsabtace shi.

Maman Ilham
Allah ya saka da alheri, na samu abin faɗa wa yara. Tambaya ta ƙarshe, domin ɗan yayata yana shirin tafiya karatu can. Idan aka fito da farantin nan gabansa, ko aka ce ya kunna fitila a taro, yaya zai yi ba tare da ya ci mutuncin kowa ba?

Ɗalibin Pune
Zai gamu da shi kuwa, domin kusan duk taron jami'a da kunna doguwar fitilar tagulla ake buɗe shi. Amma manyan baƙi ake kira su kunna, ba ɗalibai ba. Su kansu Musulmin Indiya, waɗanda ƙidayar 2011 ta ce kashi 14.2 cikin ɗari ne na ƙasar, ba su haɗu a kan fitilar taro ba. A Kerala an sha muhawara a kai, wasu ministoci Musulmi sun ƙi kunnawa a bainar jama'a, wasu Musulmin kuma suna ganin al'adar ƙasa ce kawai.

Farantin arati kuwa ya fi sauƙi. In ya zo kaina nakan ɗora hannu a ƙirji in ɗan ja da baya in ce ni Musulmi ne, sai mai farantin ya wuce na gaba. Sun saba da haka, maƙwabtansu Musulmi ne tun kaka da kakanni. Abin da zai kiyaye shi ne kada ya hure wutar, kada ya ture farantin, kada ya shiga wurin bautarsu da takalmi.

Malam Na-Zariya
Wannan daidai ne. In ƙara da cewa idan abokai suka gayyace shi gida lokacin Diwali, bikinsu na fitilu, ya faɗa musu tun kafin ya je cewa zai gaishe su amma ba zai shiga puja ba, kuma ba zai ci abin da aka miƙa wa gunki ba, wanda suke kira prasad. Ya tambaya kafin ya karɓi alewa, domin a irin wannan rana akan kawo ta puja da ta baƙi a lokaci ɗaya. Batun fitilar taro kuma, in har ta kai an kira sunansa, ya nemi uzuri cikin ladabi. Hajiya, ki haɗa shi da ɗalibin nan namu kafin ya tashi.